Daga Abuja Zuwa Yankari Ta Jos: Yadda Ake Tsara Tafiyar Mota Don Ganin Wuraren Tarihi Da Gandun Daji

Mutumin da ke zaune a Abuja, yake da mota mai lafiya da hutun kwana shida ko bakwai, yana iya kai iyalinsa su ga abubuwan da yawancinmu a littafin makaranta kaɗai muka san su: kawunan yumɓu na mutanen Nok, da sawun giwaye a bakin kogin Gaji, da kabarin Firayim Ministan Najeriya na farko. Hanya guda ce ta haɗa su duka. Ta tashi daga Abuja ta bi ta Keffi da Akwanga, ta hau tudun Jos, ta gangara Bauchi, ta ƙare a dajin Yankari, kuma tsawonta ya ɗan haura kilomita 500. Abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya shi ne kwaɗayin ganin komai a zuwa ɗaya, har ta koma tuƙi daga asuba zuwa dare da ɗaukar hoto a tsaitsaye. Shawarata ita ce a zaɓi wurare kaɗan, a ba kowanne haƙƙinsa, a kuma gina tsarin tafiyar a kan abubuwa biyu da ba su a hannun matafiyi, wato lokacin shekara da hasken rana.

Wuraren da ke kan wannan hanya ba lokaci ɗaya suke yin kyau ba. Magangarar ruwa irin ta Assop da ta Farin Ruwa sun fi cika daga Agusta zuwa Oktoba, amma a waɗannan watanni ciyawar Yankari ta fi tsayin mutum, ruwa kuma yana ko'ina a dajin, saboda haka dabbobi sun warwatse, sai a yi yawo awa biyu ba a ga abin kirki ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu lamarin yakan juya: kududdufai sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, namun daji suna taruwa a kwarin kogin Gaji domin shan ruwa, sai dai zafin rana a lokacin ba na wasa ba ne, musamman ga ƙananan yara da tsofaffi. Wanda yake son ya ɗan samu kowanne, ya tafi tsakanin ƙarshen Nuwamba da Janairu, amma ya san cewa a wannan lokaci sanyin Jos da dare yakan sauka kusa da digiri 10, kuma hazo yana rage ganin direba da safe. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara da ranakun Salla su ne lokacin da ɗakunan kwana na Yankari suke cika, don haka ko dai a kauce musu, ko a kama ɗaki tun makonni kafin a tashi.

Yana da amfani kuma a san wanda ke riƙe da kowane wuri, domin shi ne zai nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Gidajen tarihi da gine-ginen da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa suna hannun hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa da dokar 1979. Manyan gandun daji na ƙasa, irin su Gashaka-Gumti da na tafkin Kainji, suna ƙarƙashin wata hukumar tarayya dabam mai hedkwata a Abuja, a kan hanyar filin jirgin sama. Yankari kuwa an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006, don haka a Bauchi ake neman bayaninsa. Akwai kuma duwatsu da magangarar ruwa da ke cikin ƙasar wani ƙauye, waɗanda ko da gwamnati ta sa musu allo, mutanen garin ne masu tsaronsu na haƙiƙa. A irin waɗannan wurare ba a wuce gidan mai unguwa ko dagaci ba tare da an tsaya an ce "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo ganin dutse" ba, kuma sau da yawa shi ne zai haɗa ku da saurayin da ya san hanya.

Game da mota, a kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe za a tashi ba, domin idan an canza wani abu a sami kwanakin gwada shi a cikin gari. A duba birki da kyau, da lagireto, da baƙin mai, da batir, da tayoyi har da safaya, a kuma tabbatar jak da abin kwance taya suna cikin but. Jami'an kiyaye haɗurra za su nemi lasisin tuƙi da takardun mota da inshora, da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota idan ta lalace. Ƙaramar mota za ta kai ku Jos da Bauchi da Yankari ba tare da matsala ba, amma duk inda aka sauka daga kwalta aka hau burji, mota mai tsayi ce ke da amfani. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, domin a bakin ƙofar daji ko ƙauye ba kullum ake samun sabis ɗin waya da za a tura kuɗi ba. Kada kuma a bar mai ya sauka ƙasa da rabin tanki.

Maganar tsaro ba abin da za a yi wa kara ba ne. Wasu yankunan Filato, kamar Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu, sun sha fama da rikici a lokuta dabam-dabam, kuma halin hanya yana iya canzawa cikin mako guda. Waɗanda suka fi kowa sanin halin da ake ciki su ne direbobin haya da ke bin hanyar kullum, don haka kwana ɗaya kafin tashi a je tasha a tambaye su, a kuma kira wani ɗan uwa ko aboki da ke Jos ko Bauchi. Matambayi ba ya ɓata. Ƙa'idar da ba ni da sassauci a kanta ita ce kada a yi tafiyar dare: a tsara kowace rana yadda za a isa masauki kafin la'asar sakaliya. A shingen jami'an tsaro a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a ce "Sannu da aiki, yallaɓai," a amsa abin da aka tambaya, kada kuma kowa a cikin motar ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

A rana ta farko a fita daga Abuja da zarar an idar da sallar asuba, kafin Nyanya da Mararraba su cushe. Daga Akwanga akwai hanyar da ta nufi Wamba, inda magangarar Farin Ruwa take, wadda ruwanta ke zubowa daga tsayin kimanin mita 150. Wuri ne mai ban mamaki, amma ƙarshen hanyarsa yana da wuya, yana kuma cin yini guda, don haka wanda yake da yara a mota ya bar shi sai wani zuwan. Assop ta fi sauƙi, tana kusa da babban titi a gindin tudun Filato, kuma awa ɗaya ta isa a sauka a miƙe ƙafa a ci guzuri. Duwatsun bakin ruwan suna da santsi ƙwarai, a riƙe hannun yara. Daga nan sai Hawan Kibo, wanda kowane direban wannan hanya ya san shi: hawa ne mai tsawo da lanƙwasa, tireloli da tankoki suna jan ciki a kansa. A sa giya mai ƙarfi, a riƙa duban allurar zafin inji, kada kuma a yi gangancin wuce babbar mota a kan kwana. Bayan an hau, duwatsun Riyom za su bayyana a gefen hanya, manya-manya, wani a kan wani ba tare da abin da ya riƙe su ba sai nauyinsu.

Jos ta cancanci kwana biyu cur, kuma yini na farko na gidan tarihi ne. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ne ya kafa shi a 1952, kuma asalinsa yana da alaƙa da haƙar kuza. A 1928 masu haƙa suka tono wani ɗan kan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna ta yau, sannan a 1943 aka kawo wa Fagg wani kan da aka samu a yankin Jama'a, ya lura cewa hannu iri ɗaya ne ya yi su. Daga nan aka gano cewa a wannan yanki an yi wata al'umma fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wadda ta iya gasa yumɓu, ta kuma iya narka ƙarfe, kamar yadda murhunan da aka tono a Taruga, kusa da Abuja, suka nuna. Idan kun tsaya gaban ɗaya daga cikin kawunan, kada ku yi saurin wucewa. Ku dubi idanun, masu siffar kusurwa uku da rami a tsakiya, da hujin hanci da na kunne, waɗanda suka taimaka wa tururi ya fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Ku dubi kitso da tsakiya da aka zana ɗaya bayan ɗaya. Yaro da aka nuna wa wannan zai fahimci cewa mutanen da suka zauna a ƙasar nan tun kafin zuwan kowane baƙo suna da fasaha da ado da ƙa'idar sana'a. A gidan akwai kuma zauren tukwane daga sassan Najeriya, da tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na siririn layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957.

A bayan gidan tarihin akwai filin da aka gina kwafin gine-ginen gargajiya na Najeriya da girmansu na ainihi, aikin da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta. Ga Bahaushe wannan shi ne sashen da ya fi taɓa zuciya, domin akwai ganuwar Kano, akwai kuma masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. A shiga a ɗaga kai a dubi yadda aka ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa kaɗai, har rufin ya tsaya a kan fili mai faɗi. Tun da wani sashe na masallacin Zariya na ainihi ya rufta a watan Agustan 2023, darajar wannan kwafi ta ƙaru. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, damina kuma tana cinsa kowace shekara, don haka kada a bar yara su hau katanga, kada kuma kowa ya kankare sunansa a bango. A nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, a tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a bakin ƙofa, a karɓi rasiɗi a kan duk kuɗin da aka biya.

A nan ne ya kamata a faɗi wata magana. A garuruwan da ke kewayen Nok, da ma cikin birane, akan sami wanda zai raɗa wa baƙo cewa yana da kan yumɓu na sayarwa. Doka ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izinin hukuma ba, kuma ko babu doka, duk kan da aka tono a ɓoye an raba shi da ƙasar da za ta nuna shekarunsa da labarinsa. Mai saye shi ne yake biyan kuɗin haƙa ta gaba.

Yini na biyu a Jos na tsuntsaye da duwatsu ne. A ƙauyen Laminga, gabas da gari, akwai dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take tun 2001 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Daji ne ƙarami, amma an ga tsuntsaye wajen nau'i 300 a cikinsa, har da wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin nau'i na dabam, da wani baƙin tsuntsu da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar jan, yana kuma kwaikwayon kukansa. Wurin bincike ne, ba wurin shaƙatawa ba, don haka a nemi izini tun kafin a je, a isa da sassafe, a kuma yi shiru. Masu ƙarfin ƙafa suna iya hawan duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829, amma da ɗan jagora. Masu ƙananan yara kuwa gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 ya ishe su. Tafkunan da za ku gani a Rayfield da Bukuru ramukan kuza ne da ruwa ya cika, suna da zurfi tun daga baki, ba na wanka ba ne.

Daga Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne, gangara ce ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, kuma a kan hanyar za a ji sanyin tudu yana ja da baya. A gindin mashigar Panshanu akwai wani tarin duwatsu da ake kira Kwandon Kaya, wanda yake cikin jerin kayan tarihin ƙasa. A gani, a bar kowane dutse inda yake. A Bauchi wurin da ba a tsallakewa shi ne kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. An tsara ginin yadda mai ziyara zai bi ta wani lungu mai duhu kafin ya fito fili mai haske inda kabarin yake, babu rufi a kansa, babu ado. Akwai ɗan ɗakin da aka ajiye wasu kayansa da hotunansa. Kabari ne, don haka a shiga da natsuwa, a yi masa addu'a. Wanda yake da sha'awar gini kuma yana iya zarcewa Kafin Madaki ya ga gidan Madaki, ginin ƙasa na ƙarni na 19 da aka ayyana kayan tarihin ƙasa a 1956. Kafin a bar gari a cika tanki, a sayi ruwan sha da yawa, a kuma ci masar Bauchi, wadda sunanta bai yi ƙarya ba.

Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima a ratse dama, a isa ƙofar Mainamaji inda ake rajista da biyan kuɗin shiga, sannan a yi wajen kilomita 40 a cikin dajin kafin a kai sansanin Wikki. Wannan sashe na ƙarshe a yi shi a hankali, domin dabba tana iya tsallaka titi a kowane lokaci. A sansanin, waɗanda za su fara tarbar ku birai ne, manyan nan da ake kira gogo. Sun saba da mutane, sun kuma gane cewa leda a hannu tana nufin abinci: babban namiji zai zauna a kan dakali kamar bai damu ba, yana kallon but ɗin da aka buɗe, da zarar an juya baya ya sure burodi ya hau rufi. A sauke kaya mutum ɗaya yana gadi, a rufe gilashin mota, a kulle ƙofa da taga ko da fita ta minti ɗaya ce, kada kuma a ba su abinci da hannu, domin abin da ke sa su ƙara tsaurin ido ke nan.

Ana fita kallon dabbobi sau biyu, da sassafe da kuma yamma, a motar gandun tare da ma'aikacin daji. Ta safe ta fi. A sa tufafi masu launin ƙasa ko toka, masu dogon hannu, domin ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi. Ba a sauka daga mota sai ma'aikaci ya ce a sauka, ba a ihu, ba a jifa. Akan ga gwanki da kanki da ɓauna da gadu, da dorina da kada a bakin ruwa. Giwayen Yankari suna cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya, amma dajin yana da faɗi, ganinsu rabo ne, don haka kada a yi wa yara alkawarin giwa ko zaki. A koya musu karanta sawu da kashin dabba da reshen da aka karya, domin ma'aikatan sun ƙware a wannan, suna kuma jin daɗin a tambaye su. A roƙi a kai ku kogunan dutse na Marshall, ɗakuna ne da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, shaidar cewa an yi zaman mutane a dajin kafin a keɓe shi. Ɗan gidan tarihin da ke sansanin yana nuna tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta, kuma wanda ya gan su zai gane dalilin da ya sa bai kamata ya sayi naman daji a ƙauyukan bakin hanya ba.

Maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminta digiri 31 dare da rana, rani da damina, ruwanta garau har ana ganin farin yashin ƙasa. Wajen bakin dutsen yana da zurfin da ya kusa mita 2, don haka yara su tsaya can ƙasa inda ruwan bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, babba yana tare da su. Iyalin da ke son sirri su sauka da hantsi kafin jama'a su taru. Ba a shiga da sabulu, ba a barin leda ko gorar roba, domin ruwan nan kogin Gaji yake gangarawa, inda dabbobin suke sha. Kwana biyu a Wikki ya fi kwana ɗaya nesa ba kusa ba, domin yana ba da damar fita kallo sau uku.

Akwai wuraren da mutane ke son liƙawa a wannan tafiya, ni kuwa ina ganin kowannensu tafiya ce mai zaman kanta. Dutsen Zuma da magangarar Gurara suna wani ɓangare dabam na Abuja, ta wajen Suleja, yini ɗaya na ƙarshen mako ya ishe su. Dutsen Wase, inda tsuntsayen kwasakwasa ke hayayyafa, yana can kudu maso gabashin Filato ta hanyar Pankshin da Langtang. Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar, inda dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake, yana buƙatar mako guda da mota mai ƙarfi. Sukur kuwa, a duwatsun Mandara cikin ƙaramar hukumar Madagali, wanda a 1999 ya zama wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya, yankinsa ya sha hare-haren Boko Haram, kuma ba a zuwa sai da shawarar hukumomin Adamawa da na mutanen garin.

Wajen dawowa kada a yi ƙoƙarin haɗa Wikki da Abuja a yini ɗaya, ko da agogo ya nuna zai yiwu, domin direban da ya yi kwanaki yana tuƙi da yawo ya gaji fiye da yadda yake ji. A bar sansanin da hantsi, a kwana a Jos, a sayi dankalin Turawa da kayan lambu da acca na tsaraba, a sa mai faci ya duba iskar tayoyi. Washegari a gangara Hawan Kibo da giya ta biyu ko ta uku, a bar inji ya riƙe motar, domin taka birki ba ƙaƙƙautawa a doguwar gangara yana sa shi ya yi zafi ya daina kamawa. Idan ranar Lahadi ce, a yi ƙoƙarin wuce Keffi kafin azahar, tun masu komawa aiki ba su cika hanyar Mararraba ba.